Tsohuwar bindigar soja ko sabuwa mai araha: yadda na zaɓi ta harbin saiti

A Amurka, duk wanda ya shiga wasan harbin saiti da ƙaramin kuɗi sai ya tsaya a wannan mararraba. A gefe ɗaya akwai bindigogin soja na gwanjo, irin su Lee-Enfield ta Ingila, Mosin-Nagant ta Rasha da K31 ta Suwizalan. A ɗaya gefen akwai sababbi masu araha, irin su Savage Axis, Ruger American da Howa 1500. Ni abin da nake so shi ne in koyi tara harsasai a wuri guda a jikin takarda daga yadi 100 zuwa 300, a filin harbi na ƙungiya a jihar Ohio. Ba farauta ba, ba ajiyar kayan tarihi ba. Wannan manufar ce ta yanke hukunci, ko da yake zuciyata tana wajen tsohuwar.

Lee-Enfield No. 4 ce ta fara jan hankalina, kuma da dalili. Danginta ne kakanninmu suka riƙe a Yaƙin Bama, kuma ita ce 'yan sandan Najeriya suka daɗe suna rataye da ita har aka san ta da suna Mak-4. Tana cin harsashi .303, jigidarta na ɗaukar goma, nauyinta kilo huɗu da 'yan kai, sakatarta kuma tana tafiya sumul. Idonta na baya ɗan rami ne da ake leƙawa kusa da fuska, wanda ya fi na Mosin sauƙin saiti nesa ba kusa ba.

Sai dai bindigar da aka ƙera tun wajen 1943 ba a sayen ta da kallon katako. Abin da ake saya bututu ne, kuma dubawarsa ita ce aikin. Da farko a cire sakata, a haska tocila ta baya a leƙa ta gaba. Tsagogin da suka murɗa cikin bututun, waɗanda ke juya harsashi, ya kamata gefensu ya fito da kaifi. In sun yi sulɓi ko cikin ya yi baƙi da ƙananan ramuka, tsatsa ta riga ta ci. Daga nan a ɗauki harsashi .303 a zura kansa a bakin bindigar. In ya tsaya da sauran jan ƙarfe a waje, bakin yana da rai. In ya shige har wuyan kwanso, bakin ya lashe, yawanci saboda shekarun da sojoji suka yi suna jan igiyar gogewa tana gugar gefe ɗaya. Wurin da ido ba ya iya gani shi ne maƙogwaro, wato farkon bututu gaban mazaunin harsashi. Albarushin da Ingila ta yi amfani da shi a zamanin yaƙi yana da zafi ƙwarai, yana cinye wannan wurin. Bindigar da maƙogwaronta ya ci za ta iya harba harsashi mai shafaffen gindi daidai gwargwado, amma in aka sa mata na zamani mai tsukakken gindi sai ya riƙa isa takarda a karkace, ramin ya fito dogo maimakon zagaye. Guda cikin waɗanda na gwada haka ta yi, alhali daga waje ba ta da aibi.

Sai tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. Ana auna ta da 'yan ƙarafan gwaji a wurin maƙerin bindiga, kuma a ma'aunin sojan Ingila sakata ba ta kamata ta rufe a kan mai inci 0.074 ba. No. 4 tana da wata dabara: kan sakatar ana kwance shi a sauya, akwai lamba 0 zuwa 3. In ka ga lamba 3 a jiki kuma tazarar ta yi yawa, an ƙure maleji ke nan. A kuma tabbatar lambar da ke jikin sakata ta yi daidai da ta jikin bindiga. Makullan sakatar Lee-Enfield a baya suke, mazaunin harsashinta kuma an yi shi da faɗi don laka da ƙura, saboda haka kwanso yana miƙewa a kowane harbi. Mai sake cika kwanso da hannunsa zai ga wani farin zobe ya fito sama da gindi bayan 'yan cikawa kaɗan. Wannan alama ce kwanson zai rabe biyu, sai a jefar.

Katakon gaba ma yana da nasa. Shekara tamanin yana shan mai yana bushewa, inda ya riƙe ƙarfe ta baya ya kan saki, sai harbi ya riƙa yawo sama da ƙasa. Babban notin da ke gaban jigida in ya yi sako-sako, haka nan. Kuma idon baya na yaƙi an saita shi ne a yadi 300, na tsaye kuma daga 200 yake farawa, don haka a yadi 100 harbi sama yake tafiya, sai an canza tsinin gaba da wanda ya fi tsayi. Gyaran hagu da dama kuwa sai an tura tsinin gaban gefe. Ba abin da za ka yi tsakanin harbi da harbi ba ne in iska ta juya.

Mosin ban daɗe a kanta ba. Abin da ya sa ta yi suna araha ce, lokacin da ake samun ta ƙasa da dala 100, harsashinta kuma a gwangwani mai 440. Wannan zamanin ya wuce: kuɗinta ya ninka sau da yawa, kuma a 2021 gwamnatin Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da harsasai daga Rasha. Kunamarta tana da nauyi da ja mai tsawo, hannun sakatarta a miƙe yake, ba a ɗora mata madubin hange a inda aka saba ɗorawa sai an lanƙwasa shi an huda ƙarfe, wanda ke zubar da darajarta. K31 kam ta fi su duka iya harbi, amma harsashin 7.5 na soja da ya yi mata suna ya yi wuya.

Maganar harsashi ita ce ta fi komai nauyi a lissafi. Mai koyon saiti a shekara guda zai iya ƙona harsasan da kuɗinsu ya fi na bindigar. Kuɗin sabon .303 yakan kai ninki biyu ko fiye na .223, ƙaramin harsashin da ake samun sababbin bindigogi masu cin sa, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Tsohon na soja kuwa, in an samu, ƙyastun da ke gindinsa yana barin wani gishiri a cikin bututu mai jawo danshi. Mai ba ya narkar da shi. Sai an zuba ruwan zafi ta bututun a ranar da aka yi harbi, a busar, a wanke fuskar sakata, sannan a shafa mai. In aka bari ya kwana a lokacin zafi da laima, da safe za a tarar da jan tsatsa.

Na ƙare da sabuwa mai cin .223. Abin da na nema a jikinta uku ne: bututu mai ɗan kauri, domin siriri na farauta yana zafi bayan harbi huɗu ko biyar sai ramuka su fara tafiya, murɗin 1 cikin 8, wato juyi ɗaya a kowane inci takwas, wanda ke riƙe harsashi mai nauyi irin na giren 69 da 77 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), da kunamar da ake iya sassautawa da ɗan maɓalli ba sai an je wurin maƙeri ba. Kuma an riga an huda mata wurin ɗora madubi. In .223 kaɗai aka rubuta a jikin bututu, kada a sa mata harsashin 5.56 na soja, ya fi ƙarfin matsi.

Arahar tana da inda ta ɓuya, a ƙotar roba. Bututu ya kamata ya tsaya shi kaɗai ba ya taɓa komai. Ana gwadawa da takardar dala: a zura ta ƙarƙashin bututu a ja har gindi. Za ta wuce lafiya in bindigar tana hannu, amma a sake gwadawa bayan an ɗora ta a kan ƙafafu an danna da kafaɗa. Robar takan lanƙwasa ta taɓa gefe ɗaya, sai harbi ɗaya cikin biyar ya fice daga 'yan'uwansa. Maganinsa a kwance ƙotar, a naɗe sanfefa a jikin sanda mai kauri a ƙara faɗin kwarin, a kuma riƙa ɗora jakar yashi kusa da jigida maimakon can gaba. Notunan biyu da ke riƙe ƙarfe a ƙota a ɗaure su da sukurudireba mai ma'auni bisa abin da littafin kamfani ya ce. Na zoben madubi kuwa kada su wuce kima, ɗauri mai tsanani yana matse bututun madubin har maɓallansa su daina bin umarni. A sa kuɗin madubi da zobba cikin lissafi tun farko, domin yawancin waɗannan bindigogin ba su da idon ƙarfe ko kaɗan, kuma madubin kirki zai iya kai rabin kuɗin bindigar ko fiye.

Ga inda bambancin ya fito a takarda. Sojan Ingila ba su nemi No. 4 ta tara harsasai a inci ɗaya ba. Mai lafiya da harsashi mai kyau inci uku zuwa huɗu take yi a yadi 100. Sabuwar, bayan na gwada kwalaye daban-daban na gano wanda take so, tana tsayawa kusa da inci ɗaya a harbi biyar. Ga mai koyo, amfanin wannan ba alfahari ba ne. In bindiga da kanta tana watsa inci huɗu, kuskurenka na inci ɗaya ya ɓace a ciki, ba za ka san numfashi ne, ko fizgar kunama, ko katako ba. In tana yin inci ɗaya, duk ramin da ya fice naka ne, kuma ka san abin gyarawa. Ga bugun kafaɗa: na .303 ya kai ninki uku na .223, a kan gindin ƙarfe kuma, shi ke koya wa sabon maharbi runtse ido kafin ƙara.

Tsohuwar tana da filinta. Hukumar CMP, mai koyar da farar hula harbin saiti a Amurka, tana shirya gasar tsofaffin bindigogin soja, har da ta Camp Perry a nan Ohio, inda ake harbi a yadi 200 da bindiga yadda aka ba soja ita, ba madubi ba ƙari. Wanda can ya nufa, No. 4 mai lafiyayyen bututu ko Mauser ta Suwidin ita ce zaɓinsa, kuma kuɗinta ba ya faɗuwa in bai taɓa ta da zarto ba.

Duk wannan a ƙarƙashin dokar Amurka ne, inda ake saye ta hannun dila mai lasisi, a cika fom 4473, a binciki tarihin mutum. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai cin .303 ko 7.62 cikin jerin haramtattu ga farar hula.