Inda na kai da kwashe log daga suwic

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Aikin da na sa a gaba shi ne fitar da log, wato saƙonnin da na'ura ke rubutawa kan abin da ke faruwa a cikinta, da fayilolin binciken matsala daga suwic ɗin Cisco, na'urar haɗa kwamfutoci, da nake gwaji da ita, in kai su kwamfutata.

Abin da ya fara zauna mini shi ne, saƙonnin da `show logging` ke nunawa a RAM suke, ma'ajiyar wucin gadi, ba a filash ba, ma'ajiyar dindindin. Da an kashe na'urar ko an yi `reload`, sun tafi ke nan. Mu kuwa da na'ura ta fara rigima, hannu ya kai ga kashewa da kunnawa, a nan ake share shaidar da za ta faɗi abin da ya faru. Ma'ajiyar ma 'yar mitsitsiya ce, a suwic da yawa baiti 4096 ne kacal sai ka faɗaɗa ta da `logging buffered`. In ta cika, sabon saƙo ya ture tsoho. Don haka yanzu kwashewa nake fara yi kafin in taɓa komai.

Ta kebul ɗin konsol, mai haɗa kwamfuta da suwic kai tsaye, na soma. Yana yi, sai dai da wahala. Gudunsa bit 9600 ne a daƙiƙa, wajen haruffa 960, wato megabaiti ɗaya na `show tech-support`, umarnin da ke tattaro bayanan binciken matsala, zai ci kusan minti 17. In ba ka sa `terminal length 0` ba kuma, zama za ka yi kana danna maɓalli duk shafi a umarni irin su `show logging`.

TFTP, wata sassauƙar hanyar tura fayil tsakanin na'urori, ita ce ta fi cin lokacina. Umarnin ba wuya: `show tech-support | redirect tftp://` da adireshin kwamfuta da sunan fayil. Rigimar duk tana ɓangaren mai karɓa. Suwic tana ƙwanƙwasa ƙofa (port) ta 69 ta UDP, amma amsar daga wata ƙofa dabam take fitowa, katangar tsaro (firewall) da ke tsakani kuma sai ta tare ta. Ana ganin `ping` na tafiya lafiya lau, fayil kuwa ya ƙi motsi, sai ɗige-ɗige a allo har lokaci ya ƙare. Ga wata kuma: tftpd-hpa, manhajar karɓar TFTP a Linux, ba ya ƙirƙirar sabon fayil da kansa, ko dai ka ajiye masa fanko mai wannan suna da izinin rubutu, ko ka kunna shi da `--create`. Da aka gyara waɗannan, `copy flash: tftp:` ta jero alamun motsin rai a allo, fayil ya sauka.

Ni dai a ɗakin gwaji kawai zan riƙa amfani da TFTP. Ba ta tambayar kalmar sirri, ba ta ɓoye komai, a gutsure baiti 512-512 take aikawa, kowane sai an amsa mata kafin ta tura na gaba.

SCP, wata hanyar kwafar fayil, ta fi kwanta mini, tunda a cikin SSH, mai ɓoye bayanai, take bi ta ƙofa ta 22. Ka kunna `ip scp server enable` a suwic, ka jawo fayil daga kwamfuta. Ku lura da wannan: daga OpenSSH 9.0 na 2022, umarnin `scp` ya koma amfani da SFTP a ƙarƙashi, tsofaffin suwic kuwa ba su san wannan yaren ba. Ƙara `-O` yana mai da shi tsohuwar hanya.

Mai ramin USB ya huta: filashi mai tsarin FAT32, `copy` zuwa `usbflash0:`, shi ke nan. Kar a manta da duba `dir crashinfo:` a nau'in da ke da shi, can na'urar ke ajiye bayanin faɗuwarta, kuma shi yana tsira bayan an sake kunnawa.

Da na buɗe fayil ɗin sai na tarar agogon suwic ɗin ba a saita shi ba, layukan log ba sa haɗuwa da na sauran na'urori. Na haɗa ta da NTP, mai daidaita agogon na'urori, na sa `service timestamps log datetime msec`. Kafin ku tura wa kowa irin wannan fayil kuma, ku karanta shi. Ana cire kalmomin sirri daga `show tech-support`, amma adireshin IP da sunayen na'urori suna nan reras.

Yanzu sabar syslog, mai karɓar log daga na'urori, nake haɗawa a ƙofa ta 514, don saƙonni su riƙa fita da kansu tun suwic ɗin tana da rai. Matakan saƙo daga 0 zuwa 7 ne, zan tsaya a na 6, don na 7 surutunsa ya yi yawa.