Zama a Veracruz: abin da ɗan Zariya zai tarar a titi da cikin gida

Masu barin Samaru ko Kongo zuwa karatu da aiki a waje sun fi jin labarin Ingila da Malesiya da Masar. Meziko ba kasafai ake kawo ta a hira ba, shi ya sa wanda hanya ta kai shi can yakan sauka bai san komai ba sai sunan ƙasar. Veracruz tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a gaɓar gabashin Meziko, Sifaniyawa suka kafa ta a 1519. Zafinta ba zai ba ɗan Zariya tsoro ba. Ƙananan abubuwan gida ne ke wahalar da baƙo, kuma yawancinsu a bakin titi ake warware su.

A fara da ruwa. Ba a shan ruwan famfo, har 'yan gari ba sa sha. Ana sayen babbar gora mai lita 20 da suke kira garrafón. Karon farko za ka biya kuɗin gorar da na ruwan, daga nan musaya ce: ka miƙa wadda ta ƙare, a ba ka cikakkiya. Masu kawowa suna zagaya unguwa a mota ko keke mai taya uku suna kiran "agua". Haka gas ɗin girki: mota ce ke yawo da tukwane masu kilo 20 da 30, tana kiɗa ko shela. A unguwanni da yawa motar shara ma ƙararrawa take kaɗawa. Wanda ya kulle taga ya toshe kunne saboda hayaniya, zai wayi gari babu ruwa babu gas, shara kuma ta taru. Makon farko na koyon sauti ne, a gane wane kira na wane mai sana'a ne da lokacin da yake wucewa.

Abinci shi ne inda Musulmi zai fi buɗe ido. Naman alade a fili ba shi ne matsalar ba, don ana gane shi da suna: carnitas, chicharrón, chorizo, da tacos al pastor da ake yankowa daga sandar gashi mai juyawa, duk alade ne. Matsalar kitsensa ce, manteca. Da shi ake soya dakakken wake a gidajen abinci da yawa, da shi ake kwaɓa ƙullun tamales (ƙullun masara da ake turarawa cikin ganye), wani burodin ma yana ɗauke da shi. Kwano zai zo ba ko tsoka ɗaya a ciki, amma kitsen na nan. Don haka cewa "ba na cin alade" bai isa ba, domin mai abincin zai tsame naman ya bar miyar, da zuciya ɗaya. Tambayar da za a haddace ita ce "¿Lleva manteca?", wato ko an sa kitsen. A lura kuma da faranti ɗaya na ƙarfe da masu tacos (naman da ake naɗewa cikin fallen gurasar masara, tortilla) ke soya kowane nama a kai.

Sauƙin shi ne garin na bakin teku. Kifi da jatan lande suna ko'ina, kuma abincin da garin ya yi suna da shi, huachinango a la veracruzana, jan kifi ne da aka dafa da tumatir, albasa, tafarnuwa da zaitun. Tortilla ta masara kuwa ba ta buƙatar kitse: ana dafa masara da farar ƙasa, a wanke, a niƙa, a gasa. A kilo ake sayar da ita a shagon unguwa, da zafinta, kuma gara ka tafi da tsummanka mai tsabta ka naɗe ta, in ta sha iska sai ta bushe ta kakkarye. Jan abin shan da za ka gani cikin manyan tulunan gilashi, agua de jamaica, zoɓo ne, sai dai ba sa sa masa citta da kanumfari. Na tamarindo tsamiya ce. Babban cin abincin rana yana kamawa ne tsakanin ƙarfe 2 da 4, a gidan abinci kuma ana barin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin ga mai hidima. Rashin bari rowa ce a wurinsu.

Haya wata-wata ake biya, ba shekara ba kamar yadda muka saba, amma mai gida yakan nemi ajiyar kuɗin wata guda da kuma aval, wato mai tsaya maka, sau da yawa wanda ke da gida a garin. Baƙo ba shi da wannan, saboda haka ɗaki mai kaya a ciki, ko wanda makaranta ko wurin aiki ya haɗa ka da shi, ya fi sauƙin samu da farko. Wutar lantarki volt 127 ce, tamu 230, bakin soket ɗin ma siriri ne mai ƙafa biyu. Cajar waya da kwamfuta da aka rubuta wa 100 zuwa 240 za ta yi aiki da adafta kawai. Dutsen guga da butar shayi na gida kuwa ɗumi kawai za su yi, kada a wahalar da jaka. Wanda aka saya can, in aka jona shi a Tudun Wada, ƙonewa zai yi. Takardar kuɗin wuta ta CFE, kamfanin lantarki na ƙasar, duk wata biyu take zuwa, ana iya biya a shagunan OXXO. Butar alwala dai a taho da ita.

Iskar teku tana ɗauke da gishiri da laima. Kwaɗo da zif suna tsatsa, takalmin fata da babbar rigar da aka ninke a akwati suna yin fumfuna cikin 'yan makonni. A rataye kaya, a bar ƙofar kabad a buɗe. Daga wajen Oktoba zuwa Maris akwai norte, iska mai ƙarfi daga arewa da kan sa a rufe tashar jiragen ruwa, yashi ya cika titin bakin teku. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengue da rana yake cizo, gidan sauro na dare kaɗai bai wadatar ba. In zazzaɓi ya zo, a nemi likita, a guji asfirin da ibuprofen don suna ƙara haɗarin zubar jini.

Batun takarda ba ya son jinkiri. Bizar zama ta wucin gadi a ofishin jakadanci ake karɓar ta, amma ba ita ce katin zama ba. Bayan shiga ƙasar akwai kwana 30 kacal a je hukumar shige da fice, INM, a musanya ta da kati. Wanda ya bari kwanakin suka wuce ya jawo wa kansa dogon zirga-zirga.

Musulmi a ƙasar ba su kai dubu goma ba a ƙidayar 2020, don haka ba za a ji kiran salla ba. Manhajar waya ce ladan, alƙibla kuma arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Zariya tana gaban Veracruz da awa 7: mai son gaida iyaye bayan sallar isha'i ta gida, da tsakar ranarsa zai buga waya.