Na cire wa tsohuwar a-kori-kurata kabireta, yanzu injekta take sha

Duk garejin da na shiga da maganar nan sai an kalle ni an sake kallo, don abin da aka saba a wurinmu shi ne a kawo mota mai injekta a ce a mayar da ita kabireta saboda gudun wahalar birenbos, wato kwamfutar da ke lissafa man da inji zai sha, ni kuma ga ni na zo da akasin haka. Ogan da ke mun gyara tun zamanin mahaifina cewa ya yi "Alhaji motar da take tashi lafiya me za ka taɓa mata", kuma na fahimce shi, kabireta abu ne da ko a daji ta tsaya da sukundireba ɗaya da bakinka za ka busa jet ɗin ka ci gaba da tafiya.

Motar Hilux ce mai injin 22R, silinda huɗu, cc 2366, ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa. Sai dai injin ba kamar yadda Toyota suka fito da shi yake ba, lokacin da muka sauke shi an yi masa bori, an ɗan kankare tof silinda, na sa kamshaf mai ɗan zafi, salansa mai faɗi, sannan na ɗora kabiretar Weber 32/36 a kai. A hanya ta yi ƙarfi kam, amma silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ya lalace, da safe cikin hunturu sai ka yi ta jan cok kana taka totur kafin ta yarda ta zauna, in kuma na hau Jos da kaya, wurin da ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, iska ta yi ƙaranci mai ya yi yawa, filogi su yi baƙi ƙirin. Ka gyara mata jet don Jos ka sauko Kano ta canza hali. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuma sai warin ɗanyen fetur ɗin da ke fita ta salansa ya fara yi mun ciwo a zuciya ba a hanci kawai ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka samo kayan 22R-E na tokumbo gaba ɗaya, manifol da nozul da wayarin da birenbos, tunda inji ɗaya ne Toyota suka yi wa injekta. Amma a kula, a 1985 sun canza bulok da tof silinda, don haka na kafin nan da na bayan nan ba komai ne yake shiga juna ba, ka san shekarar injinka kafin ka ba da kuɗi. Ni manifol da nozul ɗin da totur bodi kawai na ɗauka na bar birenbos ɗin, kuma a nan ne duk maganar take. Birenbos ɗin kamfani an tsara shi ne don injin kamfani, yana auna iska da wani ɗan murfi mai lilo a hanyar iska, kuma ba a iya shiga cikinsa a canza lissafi. Injin da aka canza wa kamshaf numfashinsa daban ne, a silo ba ya zuƙa daidai, to in ka ɗora masa kwakwalwar da ba ta san shi ba kuma ba a iya sake tsara ta, ka kashe kuɗi ne ka koma inda kake. Shi ya sa na yi odar wani birenbos mai suna Speeduino, wanda aka gina kan ƙaramin allon kwamfuta na Arduino, ana shirya shi da laftof ta manhajar TunerStudio. Akwai MegaSquirt ma, ya girme shi, aikinsu kusan ɗaya.

Abin da ya fi cin lokacina ba inji ba ne, layin mai ne. Famfon kabireta na jikin tof silinda da kamshaf ke kaɗawa ƙarfinsa bai wuce psi 3 zuwa 4 ba, injekta kuwa wajen psi 40 yake so, ninki goma ke nan. Mun cire tsohon famfon muka toshe raminsa da faranti da gaskit, muka sa na lantarki a ƙasa kusa da tanki don irin wannan famfon turawa ya iya, bai iya zuƙa daga nesa ba. Sai layi na biyu da zai mayar da rarar mai tanki. Kuma don Allah duk wanda zai yi wannan aikin kada ya yi amfani da tsohon tiyon kabireta, zai fashe, fetur kan salansa mai zafi kuma ba sai na faɗa ba. Tankin kabireta ba shi da shinge a ciki, in mai ya yi ƙasa ka sha kwana sai ya gudu gefe famfo ya zuƙi iska mota ta shaƙe, kabireta ba ta damuwa don tana da ɗan kofinta na ajiya, injekta ba shi da shi. Sai da muka ƙera ƙaramin tanki na tsakiya sannan wannan ya wuce. Filta biyu na sa, ɗaya kafin famfo ɗaya bayansa, saboda man galan na bakin hanya da wani lokaci dole ka saya.

Wuta ban taɓa ba tukuna, distiributa na nan yadda yake, birenbos ɗin yana karanta juyin inji ne daga koyil yana kula da mai kawai. Sansa kuma akwai na zafin ruwa, na zafin iska, na totur, na zuƙar manifol, sai na iskar salansa mai faɗin awo wanda aka yi wa walda a bututu, wannan na ƙarshen kada ka yi masa rowa, shi ne idonka.

Ranar da muka fara tada ta ta kama a bugu na biyu, wallahi sai da idona ya ciko don sautin na tuna mun da Baba. Amma sati biyu tana yi mun wani abu, tana tafiya lafiya sai ta ɗan yanke ta dawo, lambobi a laftof suna tsalle, muka canza filogi muka zargi nozul, ashe wayar negatif ɗin sansa ce mai wayarin ya ɗaure a jikin bodi mai tsatsa maimakon jikin inji. Waya ɗaya.

Daga nan sai zaman tunin, wato daidaita man da iska, ƙanena yana tuƙi ni ina gefe da laftof a cinya, muna hawa muna sauka a baifas bayan sallar asuba kafin motoci su fito. A tafiyar yau da kullum ina neman iska 14.7 kan mai 1, in an taka da kaya in sauke shi wajen 13, a silo kuma saboda kamshaf ɗin nan ta fi son a ɗan ƙara mata mai kaɗan, na bar ta a yadda take so.

Yanzu da safe makulli kawai nake murɗawa ko da hazo ya rufe gari, warin fetur ya tafi, zuwa gidan mai ya ragu a fili. Satin da ya wuce na kai buhunan masara na dawo ta Jos na kwance filogi ɗaya na nuna wa Oga, ya juya shi a hannu ya ga kalar ƙasa-ƙasa, ya ce in bar masa Weber ɗin a garejin kada in sayar, kuma ran Asabar in zo da laftof ɗin yaransa su gani.