Abin da ɗaukar fayil ya koya mini a kotu

Shekara 6 na yi ina akawu a ofishin wani lauya a nan Kano, ina ɗaukar fayil daga wannan kotu zuwa waccan. Na ga masu gaskiya da yawa sun sha ƙasa saboda rashin shiri, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Akwai wani dattijo mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ya shigar da ƙarar bashi. Ranar zama ya zo da babbar riga, ya zaro takardar yarjejeniya daga aljihu, ashe kwafi ce, ta asalin tana can cikin durowa a shago. Shaidarsa kuma da aka tambaye shi ko a gabansa aka ba da kayan, sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, haka dai Alhaji ya faɗa mini." Nan take na ga fuskar maigidana lauya ta sauya. A shari'a mai ƙara shi ke kawo hujja, kuma ji-ta-ji-ta ba ta zama shaida. Aka yi ta ɗage zama har jikin dattijon ya mutu.

Tun daga ranar, duk wanda zai shiga kotu sai na zaunar da shi tun jajibiri. Mu karanta sammacin tare, domin Kano kotuna birjik: na sha ganin wanda ya tafi Nomansland alhali a Gyaɗi-Gyaɗi ko Sakatariyar Audu Bako ake jiransa. Sai in gaya wa mai shiga kotun ya isa kafin ƙarfe 9, ya nemi rajistara ya tabbatar ƙararsa na cikin jerin ranar, ya kashe waya.

Baki ne dai ya fi wuyar riƙewa. Idan abokin shari'arka ya shara ƙarya, zuciya za ta taso, amma da alƙali kake magana, kuma lokacinka na zuwa. Ka amsa iya abin da aka tambaye ka. Abin da ka manta, ka ce ka manta. A Babbar Kotu da Turanci ake yi, to kada kunya ta hana ka neman tafinta. A kotun Musulunci kuwa, kafin hukunci alƙali zai yi maka i'izari, ya tambaye ka ko da sauran magana. Na ga wata baiwar Allah ta ce babu saboda tsoro, alhali shaidunta biyu na zaune a waje ƙarƙashin darbejiya.