Tsarin Sarrafa Bayanai da Ribar Ɗan Kasuwa a Kaduna

Tun farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, yanayin ciniki a Kaduna ya canza ƙwarai. Wanda ya shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci a yau zai tarar da lambar asusu manne a jikin shaguna, da na'urar POS a kan tebur, hatta a wurin mai tumatir. Kowace tiransifa tana barin shaida: rana, lokaci, adadin kuɗi da sunan wanda ya turo. Amma da yawa daga cikin 'yan kasuwar da nake hulɗa da su, idan aka tambaye su ribar watan jiya, sai su ce kasuwa alhamdulillahi, domin ba su da amsar da ta wuce haka. Wannan ne yake damuna, kuma shi ne aikin da tsarin sarrafa bayanai ya kamata ya yi.

Tsarin sarrafa bayanai haɗuwa ce ta abubuwa biyar da ke aiki tare domin a tattara bayani, a adana shi, a sarrafa shi, sannan a miƙa shi ga mai yanke shawara. Akwai na'urori kamar kwamfuta da waya da POS, akwai manhajar da ke tafiyar da su, akwai bayanan kansu, akwai ƙa'idojin aiki, sannan akwai mutane. Biyun farko da kuɗi ake sayensu, shi ya sa hankali ya fi karkata gare su. Ukun ƙarshe kuwa ba a sayar da su a kasuwa, kuma a nan ne yawancin shagunanmu suke tuntuɓe.

Yana da kyau a tuna cewa kwamfutar farko da ta yi aikin kasuwanci na yau da kullum, wato LEO, kamfanin J. Lyons ne ya samar da ita a Ingila, ta fara aiki a 1951. Sana'ar kamfanin ita ce shagunan shayi da gashin burodi, kuma aikin farko da aka ba na'urar shi ne lissafin ƙimar abin da gidajen burodinsa suke fitarwa. Buƙatar lissafi ce ta jawo na'ura.

Tsarin yana aiki ne hawa-hawa. A ƙasa akwai rubuta kowane ciniki a lokacin da ya faru: abin da aka saro da farashinsa, abin da aka sayar, abin da aka bayar bashi, da abin da aka kashe a dako, haya, haraji da man janareta. Daga nan ake fitar da rahoton mako ko na wata, wanda zai nuna hajar da ke tafiya da wadda ta yi kwantai a sito. A sama kuma sai shawara: me za a ƙara sarowa, wa za a daina bai wa bashi, yaushe za a ɗaga farashi. Idan hawan ƙasa ya samu naƙasu, duk abin da aka ɗora a kansa ƙarya ne, komai tsadar manhajar.

Inda na fi ganin illar rashin wannan tsari shi ne wajen farashi. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan yanayi, mai sayar da shinkafa zai iya sayar da buhu sama da yadda ya saro shi, ya yi murna ya ci riba, amma ranar da ya koma sari sai ya tarar kuɗin da ke hannunsa ba za su sayi adadin buhunan da ya sayar ba. A ido kuɗi sun ƙaru, alhali jari yana zagwanyewa. Wanda yake rubuta farashin sari na kowane zuwa, yana kuma kwatanta shi da farashin sayarwa, zai hango wannan tun a makonnin farko. Wanda ya riƙe lissafi a ka kuwa ba zai farga ba sai ya ga sito ya fara haske.

Bashi ma haka yake, kuma a nan ba mu da uzuri ko kaɗan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi zuwa ajali ambatacce, a kuma kafa shaidu. Littafin bashin da muke riƙewa yakan ɗauki suna da adadi, amma ba kasafai yake ɗauke da ranar biya ba, kuma babu mai zama ya haɗa jimillar abin da ke waje. Manhajar lissafi mafi sauƙi a waya za ta jera masu bashi bisa daɗewar bashinsu, ta nuna wa maigida yawan jarinsa da ke hannun jama'a. Sau da yawa wannan adadi kaɗai ya isa ya sauya yadda mutum yake ciniki.

Sai batun mutane da ƙa'ida, wanda ya fi kowanne wuya domin yana taɓa al'ada. Ana yawan zargin yaran shago, amma a gaskiya maigida ne yakan fara karya tsarin, idan ya zari kuɗin cefane ko na gudummawar biki daga aljihun tebur bai rubuta ba, ko ya bar kuɗin shago suna shiga asusun da yake biyan kuɗin makarantar yara da shi. Ƙa'idojin da ake buƙata ba su da yawa. A ware asusun shago daban. Kada mai rubuta ciniki ya zama shi kaɗai ke ƙirga kaya. Kada a saki haja saboda saƙon alat ko hoton rasit, sai an ga kuɗin a manhajar banki, domin alat na bogi ya cuci mutane da yawa. A kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri na daban, tunda waya tana ɓata, kwamfuta tana lalacewa, kasuwanninmu kuma sun sha gobara.

Ƙaramin tsarin shago yana jingine da manyan tsare-tsare na ƙasa. Tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya samu ne ta hanyar tsarin da NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, ya ƙaddamar a 2011, lambar BVN kuma Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a 2014 domin a tantance mai asusu. Saboda haka bayanan shige da ficen kuɗi na asusun shago sun zama hujjar da banki ko mai zuba jari zai nema kafin ya saurari ɗan kasuwa, kuma asusun da aka cakuɗa shi da hidimar gida ba ya nuna gaskiyar cinikin. Tattara bayanai yana zuwa da nauyi ma. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin kiyaye su, don haka sunayen abokan ciniki, lambobin wayarsu da tarihin bashinsu amana ce a hannun mai shago, ba abin da zai bar wa kowane yaro a buɗe ko ya watsa a zauren WhatsApp don ya kunyata mai bashi ba.