Rufin Kwano Ɗaya, Iyali Fiye da Goma

Shekaru da dama ke nan ina koyar da GIS a wata jami'a a Kumasi, wato fasahar ɗora bayanai kan taswira a kwamfuta domin a ga inda abu yake da abin da ke maƙwabtaka da shi. A darasin farko nakan ba ɗalibai labarin likita John Snow, wanda a 1854 ya sa alama a gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta Landan, sai alamomin suka taru kewaye da famfo guda. Na daɗe ina ba da labarin kamar taswirar ce ta gano famfon, alhali shi likitan gida-gida ya bi yana tambayar inda mamatan suke ɗibar ruwa. Ban fahimci girman wannan bambanci ba sai da muka yi binciken ambaliya a Aboabo, wata unguwa a Kumasi.

Tun ranar farko muka yi tuntuɓe. Tsofaffin taswirorin safiyo na Ghana da ma'aunin ƙafa aka auna su, ba mita ba, kuma tushen awonsu na Accra ne, ita kuwa na'urar GPS da tushen awo na duniya mai suna WGS 84 take aiki. Idan aka ɗora ɗaya kan ɗaya ba tare da an daidaita su ba, sai komai ya goce da wasu ɗaruruwan mitoci. Haka muka ga rafin Aboabo ya ratsa ta tsakiyar gidaje, kuma saura ƙiris mu rubuta cewa mutane ne suka yi gini a kan hanyar ruwa. Laifina ne, domin ban tambayi asalin taswirar ba. Wannan dai gyaransa bai ɗauki yini ba.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙidayar mutanen da ruwa zai iya shafa. Hotunan tauraron ɗan Adam na kyauta ba su ishe mu ba, saboda kowane ɗigo a hoton Landsat mita 30 ne, na Sentinel-2 kuma mita 10, ga shi lungunan zango da yawa mutum biyu ba sa jerawa a ciki. Saboda haka muka samo hoto mai kaifi, muka zauna da manhajar QGIS muna zana rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya, sannan muka ninka adadinsu da matsakaicin yawan mutanen iyali guda. Taswirar ta fito da kyau, launi-launi, har na fara jin daɗin kaina. Sai wata ɗaliba 'yar unguwar Asawase ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a yi haƙuri, gidanmu rufinsa ɗaya ne, amma tukunya ta fi goma a tsakar gida." Gaskiyarta. Gidan haya a zango ɗakuna ne jere kewaye da tsakar gida, kowane ɗaki da iyalinsa, kuma daga sama kwano ɗaya ake gani. Abin kunyar shi ne ni ma a irin wannan gida na tashi, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na yarda da lissafin da aka tsara don wasu unguwanni na daban. Alƙaluman da aka dunƙule a matakin gunduma su ma haka suke yi: idan aka haɗa Aboabo da wuraren da ba su da cinkoso a gundumarsu ta Asokore Mampong aka fitar da matsakaici, cunkoson yakan narke ya ɓace.

Bayan mun gaisa da shugabannin unguwa muka shiga da ƙafa. Wani dattijo ya kai mu bangon gidansa, ya nuna mana shaidar da ruwa ya bari. Na ce, "Baba, amma a taswirarmu gidan nan yana kan tudu." Ya ce, "Ɗana, ruwan nan ba daga rafi yake fara zuwa ba. Kwata ce take toshewa da shara can ƙasa, sai ya dawo mana da baya." Bayanan tudu da kwari da muka dogara da su na SRTM ne, waɗanda aka auna daga sararin samaniya a 2000, kowane ɗigo kimanin mita 30, don haka kwata ba ta cikin lissafinsu ko kaɗan, balle sharar da ta cushe ta.

Har wurin adireshi sai da muka sauya hanya. GhanaPostGPS, tsarin adireshin lambobi na Ghana wanda aka ƙaddamar a 2017, ya yanka ƙasar murabba'i-murabba'i na mita 5, abin da ya sa babban gida ɗaya zai iya faɗawa cikin adireshi fiye da ɗaya. Mutanen da muka tambaya kuwa da masallaci ko shagon mai waakye (shinkafa da wake) suke yin kwatance, sai muka ƙara wa takardar tambayoyinmu gurbin kwatancen baki kusa da na lambobi.

Yanzu ba na karɓar taswirar ɗalibi sai ya rubuta a ƙasanta tushen awon da ya yi amfani da shi, da shekarar hoton, da ranar da ya taka wurin da kansa. Wasu suna gunaguni saboda kuɗin trotro (motar haya) da zafin rana, kuma ban ga laifinsu ba. Labarin Snow yana nan a darasin farko, sai dai yanzu daga ƙofofin da ya ƙwanƙwasa nake farawa, taswirar tasa kuma sai mako na biyu nake nuna musu ita.