Talata, musu da Kawu

Ruwa tun asuba. Koko da ƙosai, sai aiki.

Musun Kawu na bayan la'asar ne ya tsaya mini a rai. Wai masu neman zinariyar Klondike, can arewacin Kanada, sanyi kaɗai ya wahalshe su. Na ce ranka ya daɗe, dako ne ya fara karya su.

A 1898 'yan sandan Kanada ba sa barin mutum ya wuce mashigar Chilkoot, hanyar tsallake tsaunuka zuwa yankin zinariyar, sai da guzurin shekara guda, abinci da kayan aiki, wajen tan ɗaya. Hawan ƙarshe ko doki ba ya iyawa, matakala ce kusan 1,500 da aka sassaƙa a jikin ƙanƙara. Ka goya kilo 25 zuwa 30, ka hau, ka ajiye, ka sauko ka ɗauki wani, sawu talatin ko arba'in. Wanda ya fita daga layi don ya huta sai ya daɗe bai samu mai ba shi wuri ba. A tafkin Bennett kuma kowa zai sari itace, ya tsaga katako da zarto, ya haɗa kwalekwale. Ɗanyen katako ne, in ba a liƙe shi da ƙaro sosai ba sai yoyo. Saura kilomita 800 ta ruwa zuwa Dawson, garin da ke kusa da filayen zinariyar.

Kawu ya ce to an isa, sai kwasa. Ina! Ƙasar a daskare take har can ƙasa, diga ba ta cinta. Wuta ake hurawa a ramin ta kwana, da safe a kwashe ɗan abin da ya narke, a sake hurawa. Tsakuwar tara ta ake, sai ƙanƙarar rafi ta narke a wanke. Abinci wake, burodi da naman alade, babu ganye, shi ya sa dasashi ke kumbura, haƙora su yi girgiɗi.

Ya yi dariya, ya ce na cika ƙwaƙwa. Ni dariyar ta ƙi zuwa. Mutum wajen 100,000 suka kama hanya, waɗanda suka isa ba su wuce 40,000 ba, kuma suka tarar an kame filaye masu albarka tun 1896. Ranar 3 ga Afrilun 1898 ƙanƙara ta zaftaro a hanyar Chilkoot, ta binne fiye da mutum 60.

Tuwon dare ban ci da yawa ba. Ƙafar Inna da sauƙi. Gobe asibiti ƙarfe takwas.